Sakandare a ƙasar waje: Hanyar da ɗan Gaya da Ajingi ke bi, da ramukan da ke kanta

Duk lokacin da aka ce Kano ta tura ɗalibai waje, hankali kan tafi ne ga masu digiri: ɗalibai 501 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara turawa a 2012, ko kuwa 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar a 2023. Waɗannan manya ne masu hankalin kansu, wasu ma da iyali. Akwai wani rukunin kuma da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wato yara 'yan shekara 12 zuwa 17 da kan bar gida su tsallaka iyaka domin karatun sakandare, da tallafin gwamnati ko na wata cibiya ko na wata ƙasa.

Babban mutum idan kuɗin tallafi suka makara, ya san inda zai kai kuka, ya san yadda zai ci bashi ya lallaɓa. Yaron da bai taɓa wuce Wudil shi kaɗai ba fa? Shi duk abin da aka manta a ofis, a cikinsa zai ji shi. Shi ya sa batun waɗannan yara ya wuce murnar bikin sallama. Batu ne na amana: wa ya karɓa, kuma zai riƙe ta har ƙarshe?

Wannan rahoto ya dubi lamarin ne daga gabashin jihar, daga Gaya da Ajingi, ƙananan hukumomi biyu maƙwabtan juna da ke kan iyaka da Jigawa. Ƙidayar 2006 ta nuna Gaya na da mutane sama da dubu 200, Ajingi kuma sama da dubu 170, akasarinsu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake. Su biyun da Albasu ne ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, kuma su ukun ne ke ƙarƙashin masarautar Gaya da aka sake kafawa a matsayin mai daraja ta biyu a 2024.

Tafiya ba baƙuwarsu ba ce

Mutanen wannan yanki ba yau suka fara sakin ɗa ya yi nisa ba. A ruwayar da aka gada, tarihin Kano da kansa ya fara ne da maƙeran da suka taso daga Gaya suka sauka gindin Dala suna neman tama. Bayan nan ga tsohuwar al'adar tafiya gabas, inda uba kan ɗauki yaro ƙarami ya haɗa shi da malami zuwa ƙasar Barno neman Alƙur'ani.

Kome aibun da ya shiga almajirci a yau, tsarinsa na asali yana da wani abu da ya kamata a lura da shi. Uba yakan damƙa yaro ne hannu da hannu, ya ce, "Malam, ga amana." Ya san sunan malamin, ya san garinsu, ya san danginsa. Idan wani zai bi ta can, a ba shi ƙullin kuka da daddawa da 'yan kuɗi ya kai. Idan yaro ya dawo a rame, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sarakuna ma sun san wannan. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun gina makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da mahajjatansu, suna kuma aika mata da kuɗin gudanarwa. A 1954 gwamnatin Jihar Arewa ta tura wasu matasan malamai, cikinsu har da Abubakar Mahmud Gumi, zuwa cibiyar horar da malamai ta Bakht er-Ruda a Sudan. Abin da ya sabunta a zamaninmu shi ne fasfo da biza da canjin kuɗi, sai kuma mafi girma: yanzu amanar a hannun ofis take, masu riƙe da ofis kuwa sauyawa suke yi da kowane zaɓe.

Makarantar Yamai

Misali mafi kusa ga ɗan Kano shi ne kwalejin harsuna biyu da ke Yamai, wadda gwamnatin Kano ta kafa tare da gwamnatin Nijar a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, lokacin Mahamadou Issoufou na shugabancin Nijar. Makarantar kwana ce ta sakandare da aka tsara yaran Kano da na Nijar su zauna aji ɗaya, su tashi da Turanci da Faransanci.

Hujjar kafa ta ba ta da wuyar ganewa. Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, ƙasashen da suka kewaye Najeriya ta tudu, duk suna aiki da Faransanci. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu, amma abin bai wuce takarda ba, don makarantun gwamnati da yawa ba su da malaminsa ko ɗaya. Bakano na iya cinikin shanu a Maraɗi da Hausa zalla, amma da an zo kan takardar kwastan ko kwangila ko aikin wata hukuma ta ƙasa da ƙasa, sai ya nemi tafinta. Harshe kuwa da ƙuruciya yake kama baki.

Ga iyayen karkara, Nijar tana da sauƙin karɓa fiye da kowace ƙasa. Addini ɗaya ne, tuwo da fura da kilishi duk akwai, ba a buƙatar jirgi. Hausa ma ta ƙara samun matsayi, don kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya mayar da ita harshen ƙasa. Duk da haka Yamai ba nan kusa ba ce. Mota kan tashi daga Kano ta bi Katsina da Jibiya, ta shiga Maraɗi, ta wuce Birnin Ƙonni da Dogonduci da Dosso, tafiyar kilomita wajen 900. Uwar da ke Balare ko Kademi ba za ta shirya ta je ziyara ranar Lahadi ba, yadda za ta yi idan yaron na makarantar kwana a Dawakin Kudu.

Sauran ƙofofi

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi daɗewa, ita ce ta ƙasashen Larabawa. Azhar tana da makarantun gaba da firamare da na sakandare da ke karɓar yara baƙi, tana kuma da unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje a Alƙahira. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ita ma tana da sashen sakandare. A Khartum akwai Cibiyar Musulunci ta Afirka, wadda ta fara da koyar da yaran nahiyar a matakin sakandare kafin ta rikiɗe ta koma jami'a a farkon shekarun 1990. Yaran Islamiyya da na tahfizi ne suka fi bin wannan hanya, galibi ta hannun malamai da ƙungiyoyin addini.

Ta uku ita ce ta ƙasashen Yamma. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro shirin musayar ɗalibai na YES a 2002, mai ɗauke da sunayen sanatoci Kennedy da Lugar. An tsara shirin ne ya riƙa ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi su yi shekarar karatu ɗaya a Amurka, suna zaune a gidan wani iyali, sannan su dawo gida. Jihohi irin su Kaduna da Sakkwato na cikin waɗanda suka fara cin gajiyarsa a Najeriya. Akwai kuma makarantun UWC guda 18 a sassan duniya, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a Birtaniya a 1962, da makarantar horar da shugabannin Afirka ta Johannesburg da ta buɗe a 2008. Waɗannan biyun karatun shekara biyu ne na ƙarshen sakandare, kuma suna da gurabe na tallafi ga marasa hali.

A takarda, duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke ga kowa. A aikace, ɗan unguwar Nasarawa da ke birni da ɗan ƙauyen Toranke ba daga wuri ɗaya suke fara tseren ba.

Inda ɗan ƙauye ke zubewa

Ramin farko shi ne labari. Sanarwa kan fito ne a intanet da Turanci, da wa'adin 'yan makonni. Ana son a cike fom a kwamfuta, a rubuta bayanin kai, a haɗa da wasiƙar shugaban makaranta, wani lokaci a yi ganawa ta bidiyo. Kafin labarin ya isa Gafasa ko Shagogo, sau da yawa an rufe.

Na biyu shi ne takardu, kuma nan ne ƙwazon yaro ba ya amfana masa komai. A ɗauki magidancin da ɗansa ya ci jarrabawa aka ce ya kawo fasfo cikin mako biyu. An haifi yaron a gida, ba a yi masa rajistar haihuwa ba. Takardar firamare ta ce 2011, wanda ya yi masa lambar NIN ya ƙiyasta ya rubuta 1 ga Janairu 2009. A wata takardar Muhammad ne, a wata Mamman. Sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, a je sakatariya a karɓi shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, a rubuta wasiƙar amincewar iyaye, a nemi katin rigakafin shawara. Kowane ɗaya da kuɗin babur zuwa Gaya, da kuɗin mota ta Wudil zuwa birni, a je kuma a tarar an ce na'ura ba ta aiki, a dawo gobe. Kuɗin fasfo mai shafi 32 ya tashi zuwa naira 50,000 a Satumbar 2024, ya ninka zuwa 100,000 a Satumbar 2025. Ga manomi, wannan tunkiya ce ko buhun wake zai fita daga gida, a kan tallafin da aka ce kyauta ne.

Rami na uku ya fi duka zurfi, shi ne makarantar gida. A ranar 8 ga Yuni 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ke ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, shi da bakinsa ya ce yara sama da miliyan 4 a ƙasa suke zama a azuzuwan jihar. Yaron da ya gama firamare bai iya haɗa jimla da Turanci ba, ba zai tsallake tantancewar da ake yi da Turanci ba, kome kaifin ƙwaƙwalwarsa. Makarantun kwana, waɗanda su ne tsanin ɗan talaka, su ma sun sha girgiza. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe a Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana 10 saboda tsaro, kuma a cikinsu akwai Sakandaren Gwamnati ta Ajingi da Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya.

Ga 'ya mace kuwa, ramukan ninki biyu ne. Uban da ya yarda 'yarsa ta yi kwana a makarantar da ke cikin jihar, da wuya ya yarda ta tsallaka iyaka idan bai ga mace amintacciya da za ta kula da ita ba. Wannan ba ƙiyayya da boko ba ce kaɗai. Tambaya ce da duk mai shirya irin wannan tallafi ya kamata ya zo da amsarta a hannu.

Rayuwar can

Wanda ya tsallake duk wannan ya isa, sabon karatu zai fara tun kafin ya shiga aji. A Yamai, yaron da ya fita sayen sabulu zai ji Zabarmanci ya cika kasuwa. Idan ma ya dace da mai Hausa, lissafin daban ne: da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, don haka in an ce masa dala ashirin, sefa 100 ake nufi. A aji kuma tsarin Faransa ake bi a ƙasar, mai jarrabawar BEPC bayan shekara huɗu da Bakaloriya bayan ƙarin uku, saɓanin uku da uku na Najeriya.

A Alƙahira, yaron da ya haddace nahawu a zaure zai buɗe baki da Larabcin littafi, mai shago ya amsa masa da Larabcin titi da bai taɓa ji ba. Kafin a sanya shi aji sai an yi masa gwajin mataki, kuma ba abin mamaki ba ne a mayar da shi baya da shekara ɗaya ko biyu. Ga sanyin hunturu, ga layin sabunta iƙama, ga wake da gurasa safe da yamma.

A Amurka kuwa, yaron na iya samun kansa shi kaɗai ne Musulmi a makarantar wani ƙaramin gari. Shi zai bayyana wa masu masaukinsa abin da ya sa ba ya cin wani nama, shi zai tashi sahur shi kaɗai, shi zai nemi lungun da zai yi azahar.

Amfanin da ke ciki ba ƙarami ba ne. Yaro kan dawo da harshe, da sanin ɗakin gwaje-gwaje, da ƙarfin halin tsayawa gaban jama'a, da abokai a ƙasashe da dama. Amma shekarun nan su ne na tashen balaga, lokacin da yaro ya fi buƙatar idon babba. Kewar gida, rashin lafiya, mugun aboki, duk ba sa jiran a sa hannu a kan fayil.

Ranar da abubuwa suka tsaya

Abu uku ke karya irin wannan shiri, kuma duk an gan su a 'yan shekarun nan.

Na farko kuɗi. Kafin Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya na kan naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa a ɗaure take da yuro, don haka ita ma tashi ta yi a kan naira. Kasafin da aka yi don ciyar da yara uku sai ya koma da ƙyar yake ɗaukar ɗaya. Gwamnatin Tarayya kanta ta rage alawus ɗin ɗalibanta da ke karatu a waje ƙarƙashin shirin tallafi na BEA a 2024, bayan sun yi watanni ba a biya su ba, sannan a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. Waɗannan 'yan jami'a ne, shi ya sa suka iya yin ta kuka a jaridu. Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba shi da wannan muryar.

Na biyu siyasar iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, annobar korona kuma ta faɗo a tsakiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an sake rufe iyakar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS.

Na uku yaƙi. Da faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, sun yi kwanaki a cikin sahara da bakin iyakar Masar kafin rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu.

A ƙarƙashin duka ukun akwai wata cuta tamu ta gida. Karatun sakandare shekara shida ne, wa'adin gwamna huɗu. Duk yaron da aka tura daga aji ɗaya, sai zaɓe ya riske shi a can. Idan sabuwar gwamnati ta ɗauki shirin a matsayin kayan wadda ta gabata, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke biyan kuɗin rigimar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dawowa gida

Ko an gama lafiya, da sauran aiki. Jami'o'in Najeriya na neman kiredit biyar, har da Turanci, sannan a bi ta JAMB. Mai takardar waje sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance ta an faɗi matsayinta. Tun bayan da wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ake sayen digiri a Kwatano, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024, ana yi wa takardun maƙwabta kallon tuhuma, har da na masu gaskiya. Wanda ya yi sakandare da Larabci zalla kan dawo ya tarar sai ya zauna WAEC ko NECO ko jarrabawar hukumar NBAIS kafin ya ci gaba. Idan ba a shirya wannan tun farko ba, sai a wayi gari da matashi mai harshe uku yana zaune a majalisa ba gurbin jami'a ba aiki.

Abin da ya kamata a yi

Tura yara waje ba laifi ba ne, amma ba zai maye gurbin gyaran firamaren Kunkurawa ko ta Gamarya ba. Mutum nawa za a tura, nawa za su rage? Idan har za a yi, akwai sharuɗɗan da bai kamata a tsallake ba.

A ware kuɗin karatun kowane rukuni har ƙarshensa tun kafin mota ta tashi, a cikin asusun da doka ta kare, yadda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba. A raba gurabe bisa ƙananan hukumomi 44, a liƙa sunaye da maki a sakatariya kowa ya gani, don kada kason Ajingi ya tafi ga ɗan wani babba da bai taɓa kwana a Ajingi ba. A sanar ta rediyo da Hausa, da masallatan Juma'a, da bakin dagatai da masu unguwanni. Tallafin ya haɗa da kuɗin fasfo da na takardu. Kowane rukuni ya tafi da malami ko malama da iyaye suka san sunansa da lambar wayarsa. A kuma rubuta wa yaran WAEC ko NECO tare da jarrabawar can.

'Yan siyasar yankin da masarautar Gaya da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na da aikin da ba ya buƙatar biliyoyi: malami ɗaya a kowace babbar sakandare da zai riƙa bibiyar sanarwa yana taya yara cike fom, da gangamin yi wa 'yan firamare rajistar haihuwa da suna ɗaya da kwanan wata ɗaya.

Ku kuma iyaye, duk wanda ya zo muku da albishir ɗin gurbi a waje, gwamnati ce ko ƙungiya ko wani mai kiran kansa wakili, kada zumuɗi ya hana ku tambaya. Wa zai biya, kuma har shekara nawa? A hannun wa yaron zai zauna? Idan ya kwanta ciwo wa za a kira? Wace takarda zai dawo da ita, kuma wace jami'a ce ke karɓarta? Wanda ya kasa amsa waɗannan a rubuce, kada ku ba shi ɗanku.